Aikin Albashi ko Sana'ar Hannu: Wa Zai Yanka wa Guminka Farashi?

Duk shekara dubban matasa suna gama bautar ƙasa, wasu suna fitowa daga sakandare ko kwalejin ilimi, kuma tambaya ɗaya ce ke jiran su a gida: za a ci gaba da zagaya ofisoshi da takardu har Allah ya kawo aikin albashi, ko za a nemi oga a durƙusa a koyi sana'a? Iyaye sukan karkata ga albashi, musamman na gwamnati, domin a zamaninsu shi ne rufin asiri. Abokai kuma sukan ce aikin wata bauta ce, a kama sana'a kawai. Kowa da gaskiyarsa. Abin da ke damu na shi ne yadda ake yanke wannan babbar shawara bisa abin da zai shigo aljihu a watan farko. Duk wanda ya fita neman abinci da ƙarfinsa ko iliminsa, lokacinsa da iyawarsa yake sayarwa. Don haka abu biyu ya kamata ya auna: wa ke yanka wa abin da yake sayarwa farashi, kuma ranar da ciniki ya watse, me zai rage a hannunsa.

Sai mu fara sanin kasuwar da muke ciki. A rahotonta na ƙarshen 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce kashi 33 cikin 100 na waɗanda suka isa aiki kuma suke cikin kasuwar aiki ba su da shi. A 2023 ta sauya ma'auni, ta koma ƙirga duk wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya a mako cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 4 ko 5. Jama'a sun ji haushin wannan lissafi, kuma ban ga laifinsu ba. Amma a cikin rahotannin akwai abin da ya fi shafar mai wannan shawara: fiye da kashi 80 cikin 100 na masu aiki a Najeriya kansu suke yi wa aiki, fiye da kashi 90 kuma suna neman abincinsu ne a wajen tsarin hukuma, babu fansho, babu takarda. Masu jiran alat a ƙarshen wata su ne 'yan tsiraru. Wanda ya ce albashi ko ba komai, ya sani gurbin da yake nema kaɗan ne, masu nemansa kuma ba su ƙirguwa.

Duk da haka ba banza ake rububin sa ba. Babban abin da albashi ke bayarwa shi ne sanin ranar kuɗi. Da wannan sanin mai shagon unguwa ke ba ma'aikaci shinkafa da man girki har wata ya yi, da shi mai gidan haya ke ɗaga masa ƙafa, da shi banki ke ba shi rance, kuma da shi iyayen yarinya ke samun natsuwa in aka zo tambaya. Wanda bai taɓa kwana yana lissafin inda kuɗin cefanen gobe zai fito ba, ba zai gane darajar wannan ba. Lokacin kullen korona a 2020 an ga bambancin ƙiri-ƙiri a Kano da Kaduna: ma'aikacin gwamnati yana zaune a gida albashinsa yana shigowa, tela da mai faci da ɗan A Daidaita Sahu kuwa ranar da aka rufe gari ranar tukunyarsu ta sauka.

Bayan wannan akwai kariyar doka, wadda da yawa daga cikin ma'aikatan ma ba su san suna da ita ba. Dokar ƙwadago ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. Ta ba shi hutun shekara na aƙalla kwana shida na aiki bayan ya cika wata goma sha biyu, da kwana goma sha biyu na rashin lafiya a shekara ba tare da an taɓa albashinsa ba. Ba a sallamar sa haka kawai: wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba sai an ba shi notis na mako ɗaya, daga shekara biyu zuwa biyar mako biyu, wanda ya kai shekara biyar kuma wata guda. Mace mai ciki tana da mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da rabin albashi aƙalla in ta yi wata shida tana aiki. Wannan doka ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan jami'ai da ƙwararru abin da ke cikin takardar ɗaukarsu ne ke kare su. Akwai kuma dokar fansho ta 2014, wadda ta ce a cire kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin, wanda zai bi shi duk inda ya koma. In ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire kashi 25 cikin 100. Dokar 2010 ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ta hannun hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF, kuma akwai kotun ma'aikata ta musamman mai rassa a Kano da Kaduna. Mai sana'ar hannu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sai wanda ya tanadar wa kansa.

To, ina matsalar? Matsalar ita ce mai albashi ba shi ke faɗin kuɗin aikinsa ba, kuma in rayuwa ta yi tsada ba shi da yadda zai yi shi kaɗai. Dubi tarihin mafi ƙarancin albashi. A 2011 naira 18,000 ne, wanda a canjin lokacin ya haura dala 110. A 2019 ya koma naira 30,000, kusan dala 80. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan naira 70,000, wanda bai kai dala 50 ba. Lamba tana hawa, abin da take saya yana sauka. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin mai. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin 100. Mai kayan miya a makon ya ƙara kuɗi. Direba a ranar ya ƙara kuɗin mota. Mai walda da tela da fulamba kowa ya gyara lissafinsa a aikin da ya biyo baya. Ma'aikaci kuwa sai da ya jira fiye da shekara kafin a taɓa dokar albashi, shi ma bayan yajin aikin da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka yi a farkon Yunin 2024, wanda ya kai ga kashe wutar lantarkin ƙasar. Bayan an sa hannu ma, jihohi da ƙananan hukumomi da dama sun ɗauki watanni kafin su fara biya.

Haka abin yake tun asali. Mafi ƙarancin albashi na naira 125 da aka samu a 1981 zamanin Shagari, yajin aikin gama-gari ne ƙarƙashin Hassan Sunmonu, shugaban NLC na lokacin, ya kawo shi. Ma'aikaci guda ɗaya da ya shiga ofishin shugabansa ya ce albashi ba ya isa, amsar da zai ji sananniya ce: akwai mutum ɗari a waje suna jiran kujerarka. Ƙarfinsa yana cikin ƙungiya, ko kuma cikin wata ƙwarewa da za a sha wuya kafin a samu madadinta. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, abin da aka ba shi kawai zai karɓa.

Nan ne nake so a tsaya a duba da kyau, domin abin da matasa da yawa ke kira samun aiki ba shi ne wanda na bayyana a sama ba. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi 'yan kamasho da masu aikin ɗan lokaci ba. Yawancin ƙananan makarantun kuɗi, shagunan magani, gidajen burodi, rumfunan POS da ƙananan asibitoci suna ƙarƙashin wannan adadi. Ɗauki malamar makarantar kuɗi ta unguwa. Ƙarfe bakwai da rabi tana bakin ƙofa, in ta makara minti goma an ja jan layi a ƙarƙashin sunanta za a cire wani abu. Tana riƙe da aji guda tana koyar da kowane darasi, ta tafi gida da littattafan yara a leda ta duba da dare. Babu takardar kama aiki, da baki aka yi magana. Albashin sai iyaye sun biya kuɗin makaranta, wani lokaci a raba shi biyu. Dogon hutu in ya zo ba a biyan ta, domin wai ba ta yi aiki ba. Kuɗin mota ya cinye kusan rabi. Bayan shekara biyar in aka ce mata gobe kada ki zo, babu fansho, babu sallama, babu inda za ta kai ƙara domin ba ta da shaidar an taɓa ɗaukar ta. Irin wannan ya haɗa ɗaurin aikin albashi da rashin tabbas na sana'a, bai ɗauko alherin ko ɗaya ba. Manyan kamfanoni ma sun gano hanyar: maimakon su ɗauki mutum kai tsaye, sai su karɓo shi ta hannun wani kamfanin kwangila, ya yi shekaru yana sanye da rigarsu amma sunansa ba ya cikin ma'aikatansu.

Shi kansa aikin mai takarda ba dawwamamme ba ne. Masaƙun Kakuri a Kaduna, tun daga Kaduna Textiles da aka kafa a 1957 zamanin Sardauna har zuwa UNTL da Arewa Textiles, sun ɗauki dubban mutane, kuma a lokacin babu wanda ya zaci za su tsaya. Tsadar wuta da shigowar atamfar waje suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, kamar yadda masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai da Challawa suka rufe a Kano. Na gwamnati ma, a 2017 jihar Kaduna ta sallami malaman firamare fiye da 21,000 bayan wata jarrabawa, kuma a 2015 da 2016 jihohi da yawa sun yi watanni ba su biya albashi ba har sai da gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto. Ga kuma tsofaffin da suka yi shekara 35 suna aiki, suna bin garatutinsu shekara da shekaru a jihohin da ba su gyara tsarin fanshonsu ba. Ranar da aka rufe masaƙa, wanda yake gyaran injuna ko wayarin ko walda ya fita da abin da zai sayar a wani wuri. Wanda aikinsa tsayuwa a gaban inji guda ne yana lura da zare, ya fita da ƙwarewar da babu mai saye. Albashinsu wataƙila ɗaya ne jiya, amma yau ba matsayinsu ɗaya ba.

Wannan shi ne ƙarfin sana'ar hannu, kuma shi ya sa Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ka iya ba a korar ka daga gare shi. Babu mai tambayar ka wa ka sani, babu shekarun ritaya, kuma ba ka jiran wata doka kafin ka ƙara kuɗin aikinka. Wanda ya leƙa Panteka a Kaduna ya ga yadda ake ƙera injin niƙa da tukwane da ƙofofi daga tsohon ƙarfe, ko Farm Centre a Kano inda yara ke buɗe wayar da aka ƙera a Sin su sauya mata abin da ya ƙone, ko masu takalma na Ƙofar Wambai, ya san akwai mutanen da suka gina gidaje suka aurar da 'ya'ya suka je Hajji ba su taɓa karɓar albashi ba. Tsadar wuta da ta jefa wasu cikin wahala ta buɗe wa masu haɗa sola kasuwar da ba ta nan shekara goma da suka wuce. Kuma mai sana'a in ya ƙware sunansa ne ke kawo masa aiki: wanda ya yi wa wayarin mai kyau shi zai kai shi gidan ƙaninsa.

Sai dai masu zuga matasa su bar neman aiki su kama sana'a ba sa faɗin sauran labarin, kuma rashin faɗin cutarwa ce. Na farko, shekarun koyo. Bakanike ko kafinta ko mai walda ba ya ƙwarewa a wata uku, ko da an ba shi takardar shaidar horo. Shekara biyu, uku, wani lokaci fiye, yana share shago, yana miƙa sifana, yana zuwa aike, abin da zai samu kuɗin abinci ne in oga ya ga dama. Saurayin da ke gidan iyayensa zai iya jurewa. Mai mata da 'ya'ya biyu ba zai iya ba, kuma bai kamata a ga gazawarsa ba. Na biyu, jari. Bayan an yaye ka kana bukatar kayan aiki, kuɗin shago na shekara, da janareto, domin wuta ba abin dogaro ba ce, inda take samuwa kuma tun Afrilun 2024 da aka ninka kuɗinta fiye da sau uku ga 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, ta zama wani nauyi. Ƙwararru nawa ne suke nan suna yi wa wasu aikin jinga shekara da shekaru don kawai ba su da kuɗin injin kansu?

Na uku, wanda ya fi kashe masu sana'a, shi ne lissafi. Mai walda an kawo masa aikin ƙofar gida. Ya ƙirga ƙarfe, ya ƙirga sandar walda da fenti, ya ɗora ɗan abin da yake ganin kuɗin hannunsa ne, aka daidaita, ya karɓi kafin alƙalami. Bai sa man janareto ba, bai sa hayar shago ba, bai sa abincin yara biyu da ke taya shi ba, bai sa lalacewar injin ba. Kafin ya je kasuwa ƙarfe ya ƙara kuɗi. Da yamma an kira shi daga gida yaro ba lafiya, ya zari wani abu daga kuɗin. Yanzu kuɗin ƙofar ba zai sayi ƙarfen ƙofar ba, sai ya jira wani ya kawo aikin taga ya ɗauki kuɗin taga ya gama ƙofa. Daga nan ake fara gobe ka dawo, jibi ka dawo, har a kai ga ofishin 'yan sanda. Yawancin abin da ake kira ƙaryar masu sana'a daga nan take farawa, ba daga mugun hali ba. 'Yancin yanka farashi ba ya amfanar wanda bai san abin da aikin ya ci masa ba. Mai albashi wani ne ke yi masa wannan lissafi. Mai sana'a shi ne ma'aikaci, shi ne akawu, shi ne mai bin bashi, kuma galibi a wurin 'yan'uwa da abokai waɗanda kunya ba za ta bari ya matsa musu ba.

Kuɗin sana'a kuma ba a jere yake zuwa ba. Tela a goman ƙarshe na azumi a shago yake kwana, yana mayar da ɗinki saboda yawa. Bayan Sallah da mako biyu yana zaune yana jiran mai kawo gyaran zif. Magini da damina aiki ya ja baya. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai babu abin da zai shigo, in kuwa hannu ne ya karye, sai abin da Allah ya yi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016 ta mayar da masu shaguna da yawa farko a dare ɗaya. Hukuma ma tana iya rufe maka hanya da sanarwa guda: a farkon 2013 aka hana acaɓa a Kano, Legas ta yi nata hanin a 2020 da 2022, kuma da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa 'yan Arewa ne. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ƙananan masu sana'a ya fi bugawa, waɗanda cinikinsu na hannu da hannu ne.

Kamar yadda ba kowane aiki ne aiki ba, haka ba kowace sana'a ce ke ba mutum 'yanci ba. Wanda ya karɓi A Daidaita Sahun wani yana kai balas kullum, ana ce masa mai zaman kansa, amma mashin ba nasa ba ne, kuɗin mai da na faci da tarar jami'an hanya duk a wuyansa, kuma ko ya samu ko bai samu ba sai ya kai wa mai shi kuɗinsa. Haka sana'ar da ake koya a mako guda. Rumfar POS ta yi riba lokacin da ita kaɗai ce a layi. Yau da aka samu biyar a layi ɗaya kowa yana rage caji don ya riƙe kwastoma. Abin da kowa zai iya shiga gobe da safe, ba kai za ka yanka masa farashi ba, ko da kai ne mai rumfar.

Don haka in za a bi tawa, ba tsakanin albashi da sana'a kaɗai za a ja layi ba. A duba ko abin da mutum zai shiga zai sa ya zama wanda ake wahalar samun madadinsa. Ma'aikaciyar jinya, mai gwajin jini, akawun da ya ci jarrabawar ƙwararru, injiniyan da ya iya aikinsa, duk 'yan albashi ne, amma a hannunsu sana'a ce. In wani asibiti ko kamfani ya wulaƙanta su akwai wani yana jira, shi ya sa ma Ingila da Saudiyya ke kwashe mana likitoci da ma'aikatan jinya. Wanda ya karanta irin wannan fanni, ya nemi aikin albashi, ya jure ƙarancin kuɗin shekarun farko don ya tara gogewa, kada ya bar shi ya koma sayar da kati. Wanda kuma ya samu aiki na gaske, mai takarda da fansho, a gwamnati ko a kamfanin da ya kafu, ya karɓa, musamman in akwai bakunan da ke jiran sa. Sai dai ma'aikacin gwamnati ya san cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki ta hana shi gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma. Da yawa suna yi a ɓoye, amma wanda ke shirin haɗa biyun gara ya san inda doka ta tsaya, ya kuma san noma da kiwo a buɗe suke gare shi.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai digiri na gama-gari, ko mai takardar sakandare, da ya shekara uku ko huɗu yana cike fom a intanet yana jiran a kira shi, har wani ya yaudare shi ya karɓi kuɗin gonar gado da sunan sayar masa da gurbin aiki. Shekarun da ya yi yana jira sun isa ya zama cikakken mai haɗa sola ko mai gyaran firji. Gare shi shawarata a fili take: ya shiga koyon sana'a mai wuyar koyo yau, ya ci gaba da neman aikin a gefe. Karatunsa ba zai tafi a banza ba, domin shi ne zai iya rubuta lissafi, ya karanta takardar inji, ya yi wa sana'arsa rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya nemi kwangilar da ogansa ba zai iya cike takardarta ba. Mai bautar ƙasa kuwa yana da shekara guda da alawus na naira 77,000 a wata da yammaci a hannunsa. Da wuya ya sake samun irin wannan dama ta koyo ana biyan sa. Aikin da ba takarda kuma ba ya koyar da komai, a riƙe shi na ɗan lokaci in yunwa ta matsa, amma a sa masa wa'adi tun ranar farko.

Ga mata lissafin yana da ƙarin fuska. Aikin gwamnati, musamman koyarwa da asibiti, yana ba da hutun haihuwa da albashin da ba ya tsayawa, kuma wannan babban abu ne ga wadda aure ko mutuwar miji zai iya sauya mata rayuwa a rana ɗaya. Sana'ar cikin gida kuma, ɗinki ko girki ko haɗa turare, da waya a hannu tana tallata kayanta a WhatsApp, tana ba ta damar kula da yara ba tare da ta kashe rabin samunta a kuɗin mota ba. Haɗarinta shi ne jarin ya narke a cefane ba a sani ba. Wadda ta zaɓi wannan ta raba kuɗin sana'a da na gida tun daga farko, ko da gwangwani biyu ne.

Wanda ya zaɓi sana'a dole ya gina wa kansa abin da doka ta gina wa mai albashi. Tun 2019 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe tsarin fansho ga masu zaman kansu, ana zuba abin da ya sawwaƙa, kuma ana iya cire wani kaso in bukata ta taso. Jihohi da dama suna da hukumar taimakekeniyar lafiya da mai sana'a zai iya shiga da kuɗin shekara. Adashi yana da amfani in an san uwar adashin. Ƙungiyar masu sana'a ma kada a raina ta, domin ita ke hana a karya farashi, ita ke tsayawa in hukuma ta zo tashin rumfuna. Akwai kuma takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mai mataki uku, da shaidar ƙwarewa da hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna ke kula da ita. Da irinsu ne bakanike ko mai wayarin ke samun shiga kamfani ko aiki a ƙasar waje in wata rana ya so komawa albashi.

Kowace hanya aka ɗauka, akwai tambayoyin da kunya ba za ta hana a yi su ba kafin a fara. In aiki ne, a tambaya ko za a ba da takardar kama aiki, ko ana zuba fansho kuma a wane asusu, kamfanin ne ke ɗauka ko ɗan kwangila, sannan a nemi wani tsohon ma'aikacin wurin a gefe a tambaye shi ranar da albashin watan jiya ya shigo. In koyon sana'a ne, kada a duba girman shagon oga, a duba yaran da ya yaye: su nawa ne, ina suke yanzu, suna zuwa gaishe shi? Ogan da yaransa ke shekara bakwai ba su taɓa kama aiki daga farko zuwa ƙarshe ba, leburori yake nema. Dokar ƙwadago ta ce yarjejeniyar koyon sana'a ta zama a rubuce kuma kada ta wuce shekara biyar. Ko ba a je gaban jami'in ƙwadago ba, uba ko yaya ya zauna da ogan da shaidu biyu a faɗi shekarun koyo, da abin da za a riƙa ba yaro na abinci da mota, da abin da za a sallame shi da shi, a rubuta kowa ya riƙe kwafinsa.